Ranar da Aka Auna Lafiyar Yayana da Garma

Daminar da na dawo Zuru bayan na gama bautar ƙasa, ban dawo da komai ba sai akwatin littattafai da takardar shaidar cewa na karanci harshen Hausa a jami'a. A gidanmu wannan abin dariya ne. Harshenmu na gida C'lela ne, Hausa kuwa ta kasuwa ce da bariki da coci, kowa yana yin ta gwargwadon bukatarsa, ba wanda ya damu idan ya ce wa mace "ya zo". Ni kaɗai na ɗauke ta da nauyi, har na kwashe shekaru ina koyon inda ake ajiye kowace kalma. Saboda haka daga ƙofar gidanmu har bakin kasuwa ba a kirana sai Farfesa, kuma ba don girmamawa ba. Aikin kirki bai samu ba. Da safe ina koyar da yara a wata 'yar makaranta mai zaman kanta a Rikoto, da rana in dawo ɗakin da na taso a cikinsa, in zauna ina kallon duwatsun da suka kewaye garin, waɗanda tun ina ƙarami nake ganin kamar an jera su ne don kada kowa ya fita ba tare da izini ba.

A cikin wannan zama ne yayana ya zo hutu. Soja ne mai muƙamin kofur, kuma ya daɗe a bakin daga a arewa maso gabas. A garinmu wannan ba labari ba ne, domin da wuya ka wuce 'yan gidaje ba ka tarar da na mai kaki ba. Mahaifinmu ma samanja ne mai ritaya, har yau tsofaffin abokan aikinsa idan sun zo gaishe shi sukan ƙame a bakin zaure kafin su zauna. An ba Yaya hutu zuwa ƙarshen wata, daga nan ya koma inda ya fito.

Ya sauko daga mota da ƙafafunsa, jakarsa a kafaɗa, babu rauni ko ɗaya a jikinsa. Mama ta zagaya shi tana taɓa hannuwansa da bayansa, da ta ga komai yana nan, ta durƙusa a tsakar gida ta gode wa Allah. Maƙwabta suka yi ta shigowa, yana amsa gaisuwa yadda ake amsawa: lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya. Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa muka fara lura. Mutumin da a da ba a iya haɗiye tuwo kusa da shi saboda ban dariya, yanzu yakan ɗauki benci ya kai bayan rumbu ya zauna yana fuskantar katanga. Idan an kawo abinci ya ci, idan ba a kawo ba bai tambaya. Rediyon da ya saya wa Baba da albashinsa na farko, da an kunna sai ya tashi a hankali ya fita. Ba ya faɗa da kowa, ba ya zuwa gidan burkutu, ba ya zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi. Da yana yin ɗaya daga cikin waɗannan da mun san sunan abin, domin mun ga irinsu a unguwa. Shi dai kamar ɗaki ne da aka kwashe kayansa aka share, aka bar shi a buɗe.

Wata rana da la'asar na tarar da shi yana sa wa garmarsa sabuwar ƙota, na tsuguna na riƙe masa ƙarfen. Muna cikin haka, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Farfesa, mene ne misery da Hausa?"

Na tambaye shi inda ya ji kalmar. Ya ce wani abokin aikinsa ne mutumin kudu, wanda suke kwana a rami ɗaya, kullum da safe idan suka tashi yakan faɗe ta yana dariya, kamar mai gaishe da wani tsohon sani. Na ɗauka na kama bakin zaren, na tambaya ko mutumin ya rasu ne. Ya ce a'a, yana nan da ransa, an dai mayar da shi wani wuri, har yana turo masa hotunan 'ya'yansa.

To, tambaya ce a fagen da na fi ƙwarewa, kuma ina jin na ɗan yi murna da aka yi mini ita. Na ce baƙin ciki. Ya ce baƙin ciki ai na wanda aka yi wa rasuwa ne, ko aka raba shi da abinsa, shi kuwa ba wanda ya mutu masa. Na ce ɓacin rai, ya ce wannan kafin magariba ya wuce. Takaici, ya ce sai da wanda ya ƙunsa maka shi. Na kawo zullumi, na janye da kaina, domin zullumi gaba yake kallo, shi kuwa na ga ba ya kallon gaba. Alhini da jimami duk suna da ranar da suka fara. Da na ce ƙunci sai ya dakata da bugun ƙotar.

Ya ce, "Ya kusa. Amma ƙunci idan an buɗe ƙofa yakan ragu. Ni ga shi an buɗe mini ƙofa, na zo gida."

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙamus na Turanci na karanta masa abin da aka ce. Kalma ce ta rashin jin daɗi mai zurfi da ke daɗewa. Suna faɗinta a kan matsanancin talauci, da ciwon da ya ƙi sakin mutum, da zaman gidan da babu daɗi, har ma cikin raha sukan faɗe ta a kan ruwan da ya hana su fita. Abin da ya tsaya mini a rai cikin misalan da aka kawo shi ne, sun fi maganarsa a matsayin wurin da mutum ke zaune a ciki, ba baƙon da ya zo zai tafi ba, kuma ba lallai sai an ambaci dalili ba. Kalmominmu da na jero masa kuwa kowacce tana tafe da tambayarta a baya: wa ya mutu, wa ya cuce ka, me kake tsoro. Na faɗa masa haka. Ya gyaɗa kai, ya ce to wannan ne, ya ci gaba da aikinsa.

Sai daga baya na fahimci abin da ya sa ya je har harshen baƙi ya ari kalma. Da C'lela aka koya masa cewa namiji ba ya kuka, tun ranar da ya fara yanke ƙafa da fartanya. Da Hausa aka koya masa amsa gaisuwa da lafiya lau ko da ciki na murɗawa. Turanci ne kaɗai harshen da ba a taɓa yi masa tsawa da shi a tsakar gidanmu ba.

Mama ba ta san wannan kalma ba, amma ta riga ni ganin abin. Ita ce ta ƙirƙiro masa zazzaɓi, ta ce idonsa ya yi ja, ta matsa sai an kai shi asibiti, ta kuma ce in bi shi domin likitar da ke duba mutane a lokacin 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da tambayar inda ke ciwo ba. Aka ɗebi jini, ba a ga zazzaɓi ba. Likitar ta dube shi, ta rufe ƙofa, ta fara yi masa tambayoyi da Turanci a kan barcinsa da cinsa da abin da yake tunani idan ya zauna shi kaɗai. Na gyara zama don in yi tafinta, sai na ga ba a bukatata. Yaya ya amsa mata da Turancinsa na bariki, mai karyayyun gaɓoɓi, ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi tun zuwansa. Na ji abubuwan da ba zan rubuta su a nan ba, domin nasa ne.

Da ya gama, ta ce wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, kuma akwai masu duba shi a babban asibiti. Ta ce ba ta so ya koma bakin aiki da bindiga a hannu kafin su gan shi, kuma akwai hanyar da ake bi a nemi ƙarin lokaci daga manyansa idan likita ya sa baki, amma ba za a fara komai ba sai da yardarsa. Ta tambaye shi ko ya yarda. Ya juya gare ni, ya koma Hausa, ya ce in gaya mata sai abin da Baba ya ce. Likitar ta ce ai shi babba ne. Ban fassara masa wannan ba, ya ji da kansa. Ban kuma yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a gidan samanja ɗan soja ba ya neman a ɗaga masa ƙafa a bayan idon ubansa ba, domin lokacinta kaɗan ne kuma akwai layi a waje.

Ni aka bar wa kai maganar. Na sami Baba a zaure yana gyaran igiyar awaki, na durƙusa, na shirya kalmomina kamar mai shiga jarrabawa. Da C'lela muka yi maganar, ni nake mayar da ita Hausa a nan. Na ce likita ta ce Yaya ba shi da lafiya. Ya ce ina ne ke masa ciwo. Na ce ba a jiki ba ne. Ya ce to wani ya mutu ne a cikin abokansa, ko wani babba ya ci masa mutunci, ko yarinyar da yake nema da aure ce ta canza magana. Na ce ba ko ɗaya. Na ari abin da ake faɗa a rediyo, na ce ana kiransa ciwon damuwa. Baba ya ɗan yi murmushi, ya ce in nuna masa mutum ɗaya daga nan har Dirin Daji da ba shi da damuwa a wannan zamani da mutane suka bar gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga, shi zai ba shi akuya.

Ya kamata in faɗi gaskiya game da mahaifina, kada mai karatu ya ɗauke shi mai taurin zuciya. Bai yi tsawa ba, bai ce ragwanci ba ne. Ya ajiye igiyar, kuma na ga tsoro a fuskarsa, irin wanda ban taɓa gani ba. Sannan ya yi abin da yake yi duk lokacin da aka kawo masa maganar da ba ya iya gani da ido: ya nemi ma'auni. A wurinsa, da wurin ubansa kafin shi, ma'aunin lafiya ɗaya ne. Wanda ya tashi daga jinya ba a tambayarsa yadda yake ji, garma ake miƙa masa. Idan ya kai kunyarsa ƙarshen gona ya warke, idan ya tsaya a tsakiya a mayar da shi kan tabarma a ci gaba da magani. Haka aka auna shi bayan ciwon shawara, haka ya auna ni bayan na karye a hannu.

Ya ce, "Asabar ranar golmo ce a gidan surukansa. Idan ya kasa kai kunyarsa, ni da kaina zan sa rigata ta coci in kai shi wannan asibitin, in kuma je gaban manyansa in roƙa. Idan ya kai, lafiyarsa lau, ya koma aikinsa. Ban zalunce shi ba, ko?"

Na ce bai zalunce shi ba, domin ban ga ta inda zan ce ya zalunce shi ba.

Golmo al'adarmu ce ta neman aure. Saurayi da sa'o'insa sukan yi wa iyayen yarinya noma damina bayan damina kafin a ba shi ita, kuma Baba shekara bakwai ya yi yana wannan kafin a ba shi Mama, abin da har yau yakan tuna mata idan miya ta yi ƙarancin nama. Boko da coci da aikin gwamnati sun rage al'adar ƙwarai, amma dangin da Yaya ke neman aure a cikinsu, a wani ƙauye bayan Dabai, ba su yafe ranar huɗa ba. A ranar, mai neman aure ne ke tsayawa a kan gaba, tsofaffi na zaune a inuwa suna kallo, 'yan mata na bin layi da ruwa da waƙa. Wanda ya yi baya, a nan take za a sa shi a waƙa, kuma irin wannan waƙa ba ta mutuwa. Akwai wani dattijo a unguwarmu mai jikoki da yawa wanda har yau idan ya wuce yara sukan rera baitin da aka yi masa tun kafin a haifi iyayensu. Idan kuwa mai neman auren ne da kansa ya yi baya, gorin ba nasa ba ne shi kaɗai, na gidansu ne duka, kuma iyayen yarinya suna da damar sake tunani.

Da na fito daga zauren na ga yadda abin ya ɗaure. Don Yaya ya sami magani, dole ya gaza a gaban surukansa da sa'o'insa da yarinyar da yake so. Idan ya tsaya da ƙafafunsa, ya koma ramin da ya fito. Na same shi a bayan rumbu na gaya masa hukuncin Baba, sannan na roƙe shi abin da ban taɓa zaton zan roƙi ɗan gidanmu ba. Na ce ya ja jiki, ya bari a wuce shi, ko ya ajiye garmar a tsakiyar gona ya ce jiri yake ji. Na ce waƙa ba ta kisa. Ya dube ni, kuma a karon farko tun zuwansa na ga wani abu mai kama da dariya a bakinsa. Ya ce ni da za a sa a waƙa ko na so ko ban so ba, ai dole in ce haka. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Na riƙe wannan shirun na kwana da shi kamar alkawari.

Ranar Asabar an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, gari ya yi luf. Muka tafi a kan babura, garemani a ɗaure a baya, Baba a bayan wani ɗan ƙanensa, ya sa hularsa ta fita. Gonar tana gindin dutse, doguwa ce, daga bakin hanya ba ka ganin ƙarshenta sosai sai wata ɗorawa da ke tsaye a can. Aka jera mu, kowa da kunyarsa. Sa'o'in Yaya suka fara da ni tun kafin a buga ganga. Ɗaya ya ce a ba Farfesa alli, garma za ta ɓata masa rubutu. Wani ya ce a'a, a bar shi, zai gaya mana ko ƙasa mace ce ko namiji kafin ya sare ta. Uban yarinyar, wani dogon tsoho mai 'yan haƙora, ya ce shi bai damu da na ƙarshe ba, na gaba ya zo gani, domin an gaya masa sojojin yanzu da mota ake kai su ko bayan gida. Aka yi dariya. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi ya tofa yawu a tafin hannunsa.

Da ganga ta tashi na manta da kowa na ɗan lokaci, domin huɗa ba ta barin mutum ya yi tunani. Ka sunkuya, ka sara, ka juya ƙasar a kan kunya, ka ja ƙafa, ka sake. Kafin a yi nisa bayana ya fara ƙuna, tafin hannuna ya tashi. Da na ɗago don in numfasa sai na nemi Yaya da ido, ina fatan in gan shi kusa. Yana can gaba, shi kaɗai, tsakaninsa da mai bi masa akwai tazarar da za a iya shanya tabarmi. Ba ya ɗagowa, ba ya amsa kirarin da makaɗi ke yi masa, ba ya waiwayen 'yan matan da suka koma gefensa suna guɗa. Yarinyar da yake nema ta kai masa ruwa a ƙwarya, ta tsaya a gefensa tana jira, bai gan ta ba, har ta gaji ta dawo da ruwan. Tsofaffi suka ɗauki wannan a matsayin jarumta, na ji uban yarinyar yana ce wa Baba ashe akwai sauran maza. Kunyar da yake bari a bayansa miƙaƙƙiya ce kamar an ja igiya, ƙasar ta kwanta a kanta baƙa wuluk.

Ni kuwa an sa ni a waƙa kamar yadda ya faɗa. Baitin bai yi muni sosai ba, an dai ce wanda ya je neman Hausa a birni ya dawo ya tarar ƙasar gidansu ba ta jin ta.

Akwai wata ƙa'ida a huɗar gayya: wanda ya kai ƙarshe ba ya zama, yakan juyo ya kama kunyar wanda ya fi kowa yin baya daga ɗaya bakin, ya taro shi. Ina sunkuye na ji saran wata garma yana matsowa daga gabana. Muka haɗu a tsakiyar kunyata, ƙarfensa ya kusa taɓa nawa. Ya miƙe, gumi na zuba daga haɓarsa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ganga na can nesa, ba wanda ke jin mu.

Na ce, "Yaya, me ya sa?"

Ya ce, "Na yi niyyar tsayawa, Farfesa. Wallahi na yi niyya. Amma tun da na zo, yau ne kaɗai abin ya yi shiru. Idan ina sara ba na jin sa. Da na sassauta sai ya dawo, sai in ƙara."

Na ce to ya gaya wa Baba haka, da bakinsa. Ya dubi inuwar da tsofaffi ke zaune. Baba ya miƙe tsaye, ya cire hularsa yana kaɗa ta sama, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar da na karɓi digiri. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce in matsa, akwai sauran kunyoyi, ya koma bakin gona ya kama wata.

Haka ya yi har rana ta karkata. Aka ci tuwo a gindin ɗorawa, aka zagaya da kunu da burkutu, uban yarinyar ya kira shi ya dafa kansa a gaban jama'a, ya ce a je a fara shirin biki bayan kaka. A hanyar dawowa Baba yana ta magana a bayan babur, iska na kwashe rabi. Da muka iso gida ya gaya wa Mama tun daga zaure cewa ɗanta ya warke, ya bar samarin ƙauye biyu a baya. Mama ta dubi Yaya, wanda ya riga ya ɗauki bencinsa ya nufi bayan rumbu da ƙasar gona a ƙafafunsa, ta dube ni, ta ce to madalla, ta shiga madafa.

Washegari bayan an taso daga coci na sake durƙusawa a gaban Baba. Na gaya masa abin da Yaya ya faɗa mini a tsakiyar gona, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce abin da ya sa ya fi kowa huɗa shi ne ciwon, gudunsa yake yi. Baba ya saurare ni har na gama. Ya ce shi bai taɓa jin ciwon da ke ƙara wa mutum ƙarfi ba, kuma idan aiki na sa abin ya yi shiru, to ai ga maganin nan, aiki ne, kuma aiki zai koma. Ya ce na gani da idona, kowa ya gani. Ya ce ya yi alkawari a kan ma'auni, ma'auni ya nuna, idan ya sauya yanzu ya zama mai magana biyu. Sannan ya sassauta murya ya ce ya san ina ƙaunar ɗan'uwana, amma karatu yakan sa mutum ya ga rami a inda babu.

Duk kalmomin da na tara a shekarun karatu suna nan a bakina, kowacce na san asalinta da inda ake sa ta, amma babu wadda ta kai nauyin kunya ɗaya miƙaƙƙiya a idon mahaifina. Na koma wurin likitar ni kaɗai, ta ce ba abin da za ta iya sai mai ciwon ya zo da kansa, ta kuma ce in gaya masa akwai likitoci a wurin aikinsa, ya neme su. Na gaya masa. Ya ce to.

Ƙarshen wata muka raka shi tasha. Mama ta cika masa jaka da soyayyar gyaɗa da yaji, Baba ya gyara masa wuyan riga, ya ce ya riƙe sunan gida. Yaya ya ƙame, ya amsa, ya shiga ya zauna kusa da taga. Direba ya tsaya jiran mutum ɗaya, muka yi ta tsayuwa a rana, har na fara fatan kada mutumin ya zo. Ya zo, da kaji biyu a hannu. Motar ta bi ta tsakanin duwatsu ta ɓace.

Dawar da aka shuka a wannan gona ta yi kyau ƙwarai a shekarar. Uban yarinyar ya aiko wa Baba da dami, aka rataye zangarniya ɗaya a zaure, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa an ba shi labarin ranar. An ɗaga bikin saboda ba a ba Yaya hutu da kaka ba. Ni ina nan a makarantar Rikoto, a ɗakin nan, bencin yana bayan rumbu inda ya bar shi, kaji na hawa.

Yakan kira ranar Lahadi idan akwai sabis a inda suke. Baba ne ke fara karɓa, ya tambayi lafiya, a ce masa lafiya lau, ya miƙa wa Mama, ita ma a ce mata haka. Idan waya ta iso hannuna nakan fita bakin zaure. Nakan tambaye shi ko ya je wurin likitocin, ya ce aiki ya yi yawa, amma zai je. A kiran da ya yi na baya-bayan nan, na tambaye shi ko abin yana nan. Ya ce yana nan. Ya ce ya roƙi a riƙa sa shi aikin haƙa rami da cika buhunan yashi, har manyansa suna yabonsa, suna cewa mutanen Zuru ba sa gajiya. Sannan ya tambaya ko an fara ruwa a gida, na ce an fara, ya ce in shafa wa garmarsa mai kada ta yi tsatsa.